Kayan Sallah a Kantin Kwari: yadda za ka shiga da lissafinka, ka fito da shi

Yawancin kuɗin da magidanci yake asara a sayayyar Sallah da hannunsa yake miƙa su. Ya shiga kasuwa a makare, ba abin da ya rubuta, ga kunyar kada a ce ya gaza. Ɗan Kwari kuwa tun yana yaron shago ya iya karanta waɗannan abubuwa uku a fuskar mai shigowa, kuma ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Wanda yake son ya fito da abin da ya shiga nema, a kuɗin da ya yi niyya, rabin aikin a gida zai gama shi kafin ya tari adaidaita sahu.

Yana da kyau mutum ya san irin kasuwar da zai shiga. Kasuwar Kantin Kwari da ke Fagge a Kano tana cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma, har daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sari. Amma mafi yawan kayan da ke cikinta ba a nan ake saƙa su ba. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, na Kano da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa su ma akasarinsu sun durƙushe. Abin da ya cika shaguna yanzu daga Sin yake zuwa da Indiya da Dubai, sai manyan kaya na Turai. Shi ya sa farashin turmi yake bin dala sau da ƙafa. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu wajen ₦460 a farashin gwamnati ta haura ₦1,500 a farkon 2024, kuma kowa ya ji a jikinsa. Idan ɗan kasuwa ya ce maka "Alhaji, dala ce", sau da yawa gaskiya ya faɗa. Abin da ba zai faɗa ba shi ne ko kayan da ke gabanka tsohon sari ne ko sabo.

Fara da kalanda

Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, don haka kowace shekara Sallah matsowa take yi. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuwa ranar 30 ga Maris. Dubi abin da hakan ya jawo wa ma'aikaci a 2025: albashin Fabrairu ya tafi a gero da sukari da mai na azumi, na Maris kuma bai shigo ba sai a goman ƙarshe, lokacin da tela mai mutunci ya riga ya daina karɓar ɗinki. Wanda ya jira wannan albashin ya shiga Kwari tare da duk garin.

Ka ƙirgo baya. Kaya su isa hannun tela kafin a ɗauki azumi, in an makara ƙwarai a makon farko. Ke nan watan sayayya Rajab ne ko Sha'aban. In kana adashi, tun ana rabon kwasa ka roƙi wadda za ta faɗo a wannan tsakanin.

Tsadar goman ƙarshe ba a farashi kaɗai take ba. Mai shago ba shi da lokacin ja-in-ja da kai, don ga wani a bayanka riƙe da kuɗinsa. Kaloli masu kyau an tsince su. Kai kuma da azumi a bakinka, rana ta take, cunkoso ya hana ka ko juyawa, abin da kake so kawai a gama a tafi. Mutumin da yake son a gama a tafi ba ya ciniki.

Takarda da biro

Kafin ka rubuta komai, a buɗe akwatuna. Gidaje da yawa akwai turmin da ba a ɗinka ba tun na lefe, ko shaddar da aka ba maigida tsaraba aka manta da ita, ko rigar babban yaro da za ta yi wa ƙaninsa daidai. Duk abin da aka samu a nan ya fita daga lissafi.

Daga nan ka cire abin da ba ya ɗaguwa: zakkar fidda kai, cefanen Sallah, goron Sallah na yara, kuɗin motar ziyara, da kuɗin makaranta in komawa ta yi kusa. Abin da ya rage shi ne kuɗin kaya. Mutane da yawa da akasin haka suke farawa, su sayi kaya, sannan a wayi gari ana neman rancen kuɗin kaji.

Yanzu rubuta sunan kowa, a gabansa kala nawa, wane irin yadi, yadi nawa, da kuɗin da ba za ka wuce ba. A ce misali ₦200,000 ta rage maka. Shawarata kada ka shiga Kwari da fiye da kashi biyu cikin ukunta. Ragowar na ɗinki ne da hula da mayafi da takalma, waɗanda kullum ake rainawa kuma kullum su suke fasa lissafi.

Yara su ne farko a jerin, don Sallah tasu ce, amma ba su ne za a kashe wa manyan kuɗi ba. Yaron da zai fi ƙarfin rigarsa kafin Babbar Sallah ta zagayo sau biyu bai buƙatar shadda mai tsada, yadi mai jure wanki yake buƙata. Babba shi ne ake saya wa na ƙwarai, kala ɗaya mai kyau da zai shekara uku yana shiga taro da shi. A nan ne sayen na gari yake mai da kuɗi gida. Mai mata biyu kuwa ya saya rana ɗaya, kuɗi ɗaya, daraja ɗaya, kala daban. In ya bar ɗaya sai wani makon, farashi ya motsa, ya shiga bayanin da ba mai saurara.

Je wurin tela kafin kasuwa

Wannan matakin gajere ne, amma tsallake shi yana da tsada. Tela ne zai gaya maka yadi nawa kowa yake buƙata. A bisa al'ada turmin atamfa yadi 6 ne, leshi yadi 5, kaftani da wando na babba yadi 4 zuwa 5 gwargwadon jiki da faɗin yadin, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa wajen yadi 10. Turmi guda yakan ishi ƙananan 'yan mata biyu. Ka tambaye shi kuɗin ɗinki da na aiki, da ranar da zai daina karɓa.

Su wa suke tura ka?

A nan ya kamata mutum ya ɗan zauna da kansa, domin akasarin abin da muke saya a Sallah wani ne ya zaɓa mana ba mu sani ba.

Na farko yayi. Kowace shekara akwai zanen atamfa ko kalar shadda da aka ce ita ake yi, kuma kuɗinta ya fi na 'yar'uwarta da suka fito kamfani ɗaya, zare ɗaya, don kawai waccan ta bara ce. Ka tambayi mai shago kai tsaye: "Akwai irin wannan a tsohon zane?" Shi ma yana son ya rabu da ita, ta tsare masa kuɗi da wuri. A filin Idi ba mai bin mutane yana tambayar shekarar zane.

Na biyu waya. Tun daga Sha'aban hotunan leshi da abaya suke cika WhatsApp da Instagram da TikTok, an ɗauka a hasken da ke ƙara wa kaya kyau, an rubuta "saura biyu". Da yawa daga masu wannan talla a Kwari suke ɗauko kayan, wasu ma hoton kawai suka ɗauka a shagon wani, sai an biya su je su karɓo. Ba aibi ba ne, neman halal ne, kuma ga matar da fita ke mata wuya sun sauƙaƙa. Amma ki sani, uwargida, ribarsu da kuɗin kawowa a kanki suke. In za ki saya, ki nemi bidiyon kayan a hasken rana, a buɗe ba a ninke ba, ki tambayi yadi nawa ne, kuma in da hali kada kuɗi su fita sai kaya sun iso. Abin da ya burge ki da daddare ki bar shi ya kwana. In da safe har yanzu kina so, kuma yana cikin takarda, sai a yi magana.

Haka dillaliyar da ke kawo kaya har ɗaki a biya kaɗan-kaɗan. Kada ki tsaya a kan abin da za ki riƙa bayarwa duk mako, ki haɗa jimilla ki kwatanta da kuɗin kasuwa. Wani lokaci bambancin ya cancanci sauƙin da aka samu, wani lokaci kuwa kuɗin wani turmin ne sukutum.

Na uku anko. Bayan Sallah bukukuwa suke biyowa, kowane da nasa. In akwai wanda ba makawa sai an yi, na 'yar'uwa ta jini misali, a saye shi da wuri ya zama ɗaya daga cikin kayan Sallah. Sauran a ba da haƙuri. Wadda za ta yanke zumunci saboda turmi, da ma can ba ta riƙe shi da ƙarfi ba.

Na huɗu, wanda ya fi duka ƙarfi, idon mutane. 'Ya'yan maƙwabci kala uku-uku aka yi musu, facala ta sa leshi mai duwatsu, abokin aiki ya ɗinka gezna. Ba ka san ta inda suka samu ba, ba ka kuma san bashin da ke kansu ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 ₦70,000 ne, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Ba abin kunya ba ne yaro ya yi Sallah da kala ɗaya mai kyau, wankakke, gogagge. Abin da ke rage wannan matsin shi ne a gaya wa iyali tun da wuri abin da za a iya. Yaron da aka gaya wa a Rajab cewa kala ɗaya ne bana, kuma aka bar shi ya zaɓi kalar da kansa, ba ya kuka ranar jajibiri.

Yadda za ka riƙe kuɗin

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kusan kowane shago yana karɓar tiransifa ko yana da POS. An huta da 'yan sane, amma an samu wata ɓarakar: kuɗin da aka tura ta waya ba sa zafin fita kamar waɗanda aka ƙirga da yatsa. Maganin abin shi ne ka zuba kuɗin kaya kaɗai a asusu guda, sauran ka bar su inda hannunka ba zai kai ba daga cikin kasuwa. Ka riƙe 'yan canji na mota da dako a aljihun gaba. Kada ka tafi da yara. Abokin tafiya ɗaya ya isa, wanda ya san kaya kuma ba ya zuga.

Zagayen farko ba a saye

Ka shiga da hantsi, kafin azahar. Tun daga bakin kasuwa za ka ji "Alhaji, me ake nema?", "Hajiya, leshi ne? Zo in kai ki inda ya fi sauƙi." Akasarinsu 'yan kamasho ne, ba su da shago, in sun kai ka aka yi ciniki suna da la'ada, kuma daga aljihunka za ta fito. In wani abu kake nema mai wuyar samu suna da amfani ƙwarai, sun san kowane lungu. In kuwa atamfa ce da shadda irin na kowa, ka ce "na gode, ina da inda za ni", ka wuce.

Ka shiga aƙalla shago uku kana tambayar abu ɗaya, sunansa ɗaya, ka rubuta kuɗin. Za a jawo maka kujera, in ba azumi a kawo ruwan sanyi, a yi ta sauko da kaya ana bazawa a gabanka har ka ji nauyin tashi hannu rabbana. Karamci ne, ka karɓa ka yi godiya, amma ba bashi ba ne. Ninke kaya aikin yaran shago ne na kullum. Ka lura kuma: in ka nemi abu aka ce yaro ya je sito ya ɗauko, ya daɗe bai dawo ba, mai yiwuwa daga shagon maƙwabci ya karɓo, an ɗora wani abu a kai.

Duba kaya da hannu

Suna ba ya isa. Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco a garin Helmond ake buga ta, kamfanin yana nan tun 1846. Shaddar Getzner daga Bludenz ta ƙasar Ostiriya take zuwa. Dukansu ana kwaikwayonsu har da takarda da tambari da rubutun gefe. Kwafi ba laifi ba ne ga wanda ya san kwafi ya saya a kuɗin kwafi, kuma akwai na Sin irin su Hitarget da suke tsaye da sunansu, suna kuma yin ƙarko daidai kuɗinsu. Cutar ita ce a sayar maka da kwafi a kuɗin orijina. Ka tambaya a fili, "orijina ce ko kwafi?", a gaban abokin tafiyarka. 'Yan kasuwa da yawa in an tambaye su haka ba sa ɓoyewa.

Sannan ka gwada da kanka. Fito da kayan bakin ƙofa, don ƙwan shago yana canza kala, ruwan toka ya koma shuɗi. Juya bayan atamfar: mai kyau rininta ya ratsa, gaba da baya kusan ɗaya ne, ta roba kuwa bayanta fari-fari yake. Kama gefe ka murza tsakanin yatsu. In sitaci ne ya ba ta kauri za ka ji ta saki, wani lokaci har gari ya fito, kuma wankin farko zai tafi da wannan kaurin. Jiƙa farin hankici ka goga a lungu ɗaya, in ya ɗauko kala sosai za ta zuba. In an yarje maka, zaro zare ɗaya ka ƙona a waje: auduga toka take zama mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. A zafin Kano na Maris da Afrilu, wannan bambancin a jiki ake jin sa.

Kuma a warware turmin duka, ba ninkin sama kaɗai ba. Ana samun huda, ko inda bugu ya goce, ko tabon ruwa a can ciki. Wanda ya tuna ambaliyar da ta shiga shagunan Kwari a daminar 2022 ya san kayan da suka jiƙe ba duka ake zubarwa ba.

Ciniki

Ga yadda yakan kasance, kuɗin misali ne kawai:

"Wannan nawa?"

"Dubu 28, amma kai namu ne, Alhaji. Taya."

"Dubu 20."

"Albarka. Ko sarinta bai kai ba."

"To gaskiyarta nawa? Turmi uku zan ɗauka."

"Kawo dubu 25 kowanne."

"Dubu 23. In bai yi ba, Allah ya kawo kasuwa."

Ka miƙe a hankali. In akwai riba a tayinka, kafin ka kai ƙofa za ka ji "dawo, Alhaji, na sallama". In ba a kira ka ba, ka san ka yi ƙasa da yawa, kuma ka ƙaru da sanin farashi kyauta.

Kada ka ɗauki dokar raba kuɗi biyu ka shiga da ita ko'ina. Kayan da aka san sunansu, kowa ya san kuɗinsu, ribar da ke kai kaɗan ce, in ka taya rabi sai a ɗauke ka baƙo. Leshi da matiriyal marasa suna su ne suke da faɗin ciniki. Ka haɗa sayayyarka a shago ɗaya ko biyu ka nemi ragi a jimilla, ya fi a yi ta ja a kan kowane turmi. Kada ka yabi kaya a gaban mai su, in da uwargida kuka je ku shirya tun a gida yadda za ta nuna wanda take so ba tare da ta ce "wayyo, wannan ya yi" ba. Kada kuma ka kushe kayan mutum da ƙarya don a rage maka. Abu ɗaya da ba a yi: ka taya, a sallama, ka ce ka fasa. In ba ka shirya saye ba, tambayar kuɗi kawai za ka yi.

Awo da biya

Idonka a kan awo. Ka tabbatar da me ake auna maka, domin manyan shaddoji da mita ake sayar da su, wasu yadika kuma da yadi. Yadi inci 36 ne, mita kuwa ta ɗan haura inci 39. A mita 10 bambancin ya kusa yadi guda, wanda zai iya zama hannun riga. In da kuɗin mita aka yi ciniki, da mita za a auna.

Kafin almakashi ya taɓa yadi ka gama shawara, don abin da aka yanka ba ya komawa. Na turmi kuwa ku yi magana a fili: in an je gida an ga aibi za a dawo da shi a canza. Shari'a ta ba mai saye wannan haƙƙin a kan aibin da aka ɓoye, dokar kare masu saye ta tarayya da aka sa wa hannu a 2019 ita ma haka, amma rasit mai sunan shago da irin kayan da adadinsu ya fi saurin kashe gardama. In tiransifa za ka yi, karanta wa mai shago sunan da ya fito kafin ka tura, ka jira ya ga shigarsu. Ka leƙa ledar ka ƙirga da kanka kafin ka fita, in ɗan dako ya ɗauka ka bi bayansa.

In canji ya ragu, a nan ake faɗuwa. Hanyar fita cike take da masu mayafi da turare da agogon yara da tabarau, kowanne kuɗinsa kaɗan ne, haɗuwarsu ce ba kaɗan ba. Abin da ba ya cikin takarda ka wuce shi. Takalma da huluna a ba su ranarsu daban, Ƙofar Wambai ko Sabon Gari don takalma, Kurmi don hula. Na yara a auno tsawon ƙafar kowa da tsinken tsintsiya, a ƙara ɗan yatsa guda, a ɗaura wa kowane tsinke takarda mai suna.

Kayan su wuce wurin tela a ranar ko washegari. A maƙala sunan mai shi a jikin kowane yadi, ka ɗauki hotonsu a wayarka a gabansa, ka ba da rabin kuɗi, ragowar sai an karɓa. Ranar karɓa ku sa ta mako guda kafin Sallah, don a samu damar gyara in wuya ya matse ko wando ya yi tsawo. Ranar da ya ce ka zo, ka je, ko da ka tabbata bai gama ba, domin a goman ƙarshe kayan wanda ake ganin fuskarsa su ake fara ɗorawa a kan keke.